Husufin da Baba Bai Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Labaran
yana cusa akwatunan mutane a tumbin jirgi,
bai taɓa zama a kujerar da ke saman kansa ba.
Ya san nauyin Landan, ya san nauyin Jidda,
da kafaɗa ya san su, ba da ido ba.

Larabar da rana ta kamu a Accra
yana can ciki, a durƙushe,
yana kokawa da wata jaka mai tsinkakken hannu.
Ko da ya fito an gama.
Sai mutane tsaitsaye, baki buɗe,
kamar waɗanda aka yi wa albishir da wani yare.

Inna Lantana ce ta gani, a Nima,
cikin bahon wanki, tsakanin kumfa da kumfa.
Ta ce kaji sun shige akurki da hantsi,
mai koko ta bar ludayi a tukunya,
yara na dukan gwangwani, ladan na kiran salla,
ta ce wani sanyi ya bi ta ƙafarta ya wuce.
Shekara goma sha tara tana ba shi labarin nan,
kullum da ɗan ƙari.
Bara ta tafi da sauran.

Jiya na kai shi shagon Nii Okai, bayan babbar kwata,
inda yara ke biyan sidi biyar su tuƙa jirgin ƙarya.
Na juya kwanan wata baya,
na sa ƙarfe tara na safiyar ranar,
na ɗora hannunsa a kan sandar tuƙi.
Ya ce, «Wa zai loda kayan?»
Na ce, yau babu kaya, Baba, kai ne kayan.

Muka tashi a karkace.
Ga rufin kwano, ga teku tana ninke farin bakinta,
ga filin da ya ci masa gwiwoyi
ya koma kamar tabarmar da aka manta a tsakar gida.
Bai ce komai ba. Fanka na ta kaɗa mana zafi.

Sai hasken gilashin ya fara yin rawaya,
ya yi ruwan toka,
fikafikan suka dushe,
wata inuwa ta taso daga teku ba tare da ƙafa ba,
rana ta zama baƙin faranti mai zoben azurfa,
irin wanda Inna ke rufe tuwonsa da shi
in ya yi dare a wurin aiki.

Ya saki sandar.
Jirgi ya sunkuya, ƙararrawa na ta kuka,
wani yaro a bayanmu ya ce, «Tsoho zai kashe mu!»
Ni na riƙe. Shi yana kallo,
leɓensa na motsi, ban san ko tasbihi ba ne
ko lissafin mintin da aka ci shi bashi.

Da haske ya dawo ya goge ido da hularsa,
ya ce, «Sun yi ƙoƙari.
Amma ba kaji.
Ba sanyin nan na ƙafa.
Nata ya fi.»

Muka fito, rana ta gaske tana dukan kwano,
masu trotro na kiran Circle, Circle,
hayaƙin kifi ya tare lungu.
Sai da muka kai wajen mai waken nan ta kwana
ya tsaya, ya laluba aljihu,
ya miƙo mini sidi biyar a nannaɗe.

«Gobe ki mayar da ni.
Amma ki bi ta saman gidanmu, ƙasa-ƙasa.
Wataƙila tana wanki.»